Sauya Babbar Manhajar Waya a Ƙasar Kadawa

Wanda ya bi hanyar Zariya daga birnin Kano da rani, da zarar ya kai Kura zai ga ƙasa ta yi kore shar dama da hagu, alhali kuwa a sauran wurare ciyawa ta daɗe da bushewa. Wannan ita ce ƙasar noman rani ta Kadawa, wadda ta ratsa ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam. Ruwan da ake ba ta daga madatsar Tiga yake gangarowa, wadda aka gama ginawa a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. Ana noma alkama da tumatir da albasa da masara, ga kuma shinkafa wadda ta sa sunan Kura ya kai nesa. Tumatir shi ne mai gaggawa a cikinsu. Idan an tsinke shi yau, aka zuba a kwando, aka kai kasuwar Kwanar Gafan, dole ne ya sami mai saye da mota kafin rana ta dafa shi, kuma farashin da aka yi da hantsi ba lalle ne ya kai la'asar ba. Saboda haka wayar hannu ta zama kayan aiki a nan, kamar yadda fartanya da injin ban ruwa suke.

Wannan takarda za ta duba abin da ke faruwa sa'ad da mutum ya bar waya mai wani irin tsari ya koma mai wani. Abin yana kama da ƙaramin al'amari, amma a cikinsa akan yi hasarar lambobin abokan ciniki, da shaidar bashi, da muryoyin da ba za a sāke samu ba. Malaman kwalejojin horon malamai kuwa, waɗanda ke tura ɗalibai ƙauyuka su ɗauko waƙa da tatsuniya da tarihin baka a cikin waya, abin ya shafe su kai tsaye.

Ma'anar babbar manhaja

Malamai sun daɗe da sanin kalmar manhaja. Daga Larabci aka aro ta, ana nufin tsarin darussan da makaranta ke bi. Daga baya gidajen rediyo da jaridu suka faɗaɗa ta, har ta ƙunshi umurnin da ake shirya wa kwamfuta ko waya don ta yi wani aiki. WhatsApp manhaja ce, haka Facebook, haka abin da banki ke ba mutum ya riƙa tura kuɗi da shi. Amma waɗannan duka ba su iya tsayawa da kansu. Akwai wata a ƙarƙashinsu wadda ke tashi da zarar an kunna waya, ita ke raba musu wutar batir da wurin ajiya, ita ke ba su izinin amfani da kyamara da abin ɗaukar magana, ita ce kuma ke shiga tsakaninsu da ƙarfen waya. Ita ake nufi da babbar manhaja a wannan takarda.

Mutumin Kadawa ba zai sha wuyar gane wannan ba. Ruwa ɗaya ne ke fitowa daga Tiga, amma babbar hanyar ruwa da rassanta da ƙofofinta su ke ƙayyade wanda zai samu, da lokacin da zai samu, da yawan abin da zai samu. An tsara kowace gona bisa ga yadda aka shimfiɗa hanyar ruwan da ke gefenta. Haka aka tsara kowace manhaja bisa ga babbar manhajar da za ta zauna a kanta, shi ya sa wadda aka yi domin wannan ba ta aiki a kan waccan, sai an sāke gina ta.

Manyan manhajoji biyu ne suka mamaye wayoyin komai-da-ruwanka a yau. Akwai iOS ta kamfanin Apple, wadda ta zo da iPhone a 2007, kuma ba a samun ta a wayar kowa sai ta Apple. Akwai Android ta kamfanin Google, wadda wayarta ta farko ta fito a 2008, ita kuwa kamfanoni da yawa ke sa ta a wayoyinsu. A nan ne mutane kan ruɗe. Tecno da Itel da Infinix, waɗanda suka fi yawa a hannun manoma, duk na kamfani ɗaya ne, watau Transsion da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin, kuma manyan wayoyinsu Android suke ɗauke da ita. Haka Samsung, haka Redmi. Sunaye irin su HiOS na Tecno da XOS na Infinix kwalliya ce aka yi wa Android, kamar aikin da maɗinki ke yi a wuyan riga, yadin kuwa ɗaya ne. Wanda ya bar Tecno ya sayi Samsung gida ya sauya a cikin unguwa ɗaya. Wanda ya bar Tecno ya sayi iPhone shi ne ya yi ƙaura zuwa wani gari.

Ƙaurar farko

Mutanen wannan ƙasa sun riga sun yi irin wannan ƙaura sau ɗaya, ko da yake galibinsu ba su kira ta da wannan suna ba. Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a watan Agusta na 2001, kuma cikin shekarun da suka biyo baya Nokia ce sarauniya. Manyan wayoyinta suna ɗauke da babbar manhaja mai suna Symbian, matsakaita kuwa suna da tsarin da ake kira Series 40, wanda matasa suka riƙa shiga intanet da shi ta Opera Mini, suna hira ta 2go. 'Yan kasuwa da ma'aikata masu hali suka rungumi BlackBerry saboda manhajar hirarta, BBM.

A watan Fabrairu na 2011 Nokia ta ba da sanarwar cewa za ta bar Symbian ta koma Windows Phone ta kamfanin Microsoft. A 2014 Microsoft ta saye sashen wayoyin Nokia ɗungurungum, amma Windows Phone ba ta karɓu ba, daga baya ita ma aka yi watsi da ita. BlackBerry ta bi sahu: an rufe BBM ta jama'a a ƙarshen watan Mayu na 2019, kuma a ranar 4 ga Janairu 2022 kamfanin ya daina hidimar tsofaffin wayoyinsa gaba ɗaya.

Abin lura shi ne, ba lalacewar waya ta kori mutane ba. Nokia waya ce mai ƙarko, wadda kan faɗa cikin kwarin ban ruwa a tsamo ta a shanya ta ci gaba da aiki. WhatsApp ce ta janye. Ta daina aiki a Symbian a tsakiyar 2017, ta bar BlackBerry a ƙarshen wannan shekara, ta bar Series 40 a ƙarshen 2018, sa'an nan ta bar Windows Phone a ƙarshen 2019. Dillalin da abokan cinikinsa na kasuwar Mile 12 a Ikko suka saba turo masa saƙon murya da hoton kwando ba shi da zaɓi, sai ya je kasuwar waya ta Farm Centre ko ta titin Beirut a Kano ya sayo Android. An yanke shawarar a wata nahiya, ya biya kuɗinta a Kwanar Gafan.

A wannan lokacin kuma an ga wani abu da bai girgiza ba. A 2012 Ma'aikatar Gona ta Tarayya, zamanin Minista Akinwumi Adesina, ta fara shirin raba taki da iri mai rangwame ta hanyar tura wa manomi saƙon tes a wayarsa. Shirin bai damu da irin wayar da ke hannun manomi ba, da lambar layinsa kaɗai aka yi rajista. Wanda ya sauya waya ya riƙe layinsa bai rasa kome ba, wanda ya sauya layi shi ya rasa. Daga nan ake iya gane cewa abubuwan da mutum ke cewa suna "cikin waya" ba wuri ɗaya suke ba.

Inda kaya suke

Wasu abubuwa a jikin layi suke, watau katin sim. Lambar mutum tana nan, da kuɗin kiransa, da rajistar da ta haɗa layin da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, wadda gwamnati ta wajabta a watan Disamba na 2020. Saƙon banki ta nan yake shigowa, haka lambar sirrin da ake turowa sau ɗaya don a tabbatar da mai asusu. Lambobin nan da ake dannawa masu fara da tauraro, a tura kuɗi ko a duba saura, su ma layi suke bi, suna aiki a kowace irin waya har ƙaramar mai tocila. Muddin katin ya shiga sabuwar waya, waɗannan sun ƙaura lafiya.

Katin sim yana ɗaukar sunaye kaɗan, galibi wajen 250, kuma suna ɗaya lamba ɗaya. Tsofaffi da yawa har yanzu a nan suke ajiya, kuma dabararsu ba ta banza ba ce. Sai dai iPhone tana iya kwashe sunaye daga kati, amma ba ta iya zuba sababbi a cikinsa, don haka wanda ya koma can wannan tsohuwar hanya ta toshe masa daga ranar.

Wasu abubuwan kuwa a jikin wayar suke, ko a katin ajiya da ake cusa mata, wanda ake kira memori: hotuna, da bidiyo, da karatun Alƙur'ani, da tafsirin azumi, da waƙoƙi, da muryoyin da aka ɗauka. A ƙaurar farko memori ne ya ceci mutane. An zare shi daga Nokia an sa a Tecno, kome ya bayyana.

Kashi na uku shi ne mai wuyar bayani, kuma shi ne ya fi jawo hasara. Akwai abubuwan da ke ajiye a rumbunan kamfani a wata ƙasa, waɗanda ba a kai gare su sai da asusu, watau adireshin imel da kalmar sirri. Mai Android asusun Google gare shi, wanda ke ba da wurin ajiya gigabait 15 kyauta. Mai iPhone asusun Apple gare shi, da rumbunsa iCloud, mai ba da gigabait 5 kyauta. Ba a sauko da manhaja daga kantin Google sai da wannan asusu, saboda haka kusan duk mai Android yana da shi, amma samun asusu dabam, saninsa dabam. Abin da aka saba shi ne, ranar da aka sayi waya yaron shago ne ke buɗe imel, ya ƙirƙiro kalmar sirri, ya miƙa wa mai ita waya tana aiki. Bayan shekara uku, sa'ad da aka zo sauyi, akan ji magana irin wannan a bakin teburin mai gyara:

"Baba, mene ne imel ɗinka?"

"Yaro, ai ku kuka sa mini shi. Ni dai na san lambata."

"To, Baba, wanda ya sa ɗin ba ni ba ne."

Sunaye ɗari biyar na direbobi da dillalai da masu sayar da taki suna nan lafiya a rumbun Google, amma mai su ba shi da mabuɗi. Idan an yi sa'a an haɗa asusun da lambar layinsa, kuma layin yana hannunsa, ana iya sāke kalmar sirri. Idan da lambar yaron shago aka haɗa, ko da wani layi da aka daɗe da yarwa har kamfani ya sayar wa wani, to, sai a fara tara lambobi daga farko. Wanda yake riƙe da asusunsa kuwa abin da sauƙi ƙwarai, gama iPhone tana karɓar asusun Google ta nuna sunayen da ke ciki, ana kuma iya fitar da sunayen duka a fayil ɗaya a kai kowace waya.

Littafin bashin dillali

WhatsApp ta cancanci a tsaya a kanta, domin a Kadawa ta wuce wurin hira. Mutane da yawa ba su rubuta boko da sauri, saboda haka saƙon murya suke yi. A cikinsa ake faɗin kwando nawa aka ɗora, da kuɗin mota, da abin da aka bayar kafin alƙalami, da ranar da za a cika. Hoton takardar banki a nan ake tura shi. Idan gardama ta tashi bayan wata biyu, sai a koma a kunna muryar mutum ya ji da kunnensa. Ga dillali, wannan shi ne littafin bashi. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da malaman gona su ma suna da zaurukansu a ciki, kuma tun bala'in tsutsar tumatir ta Tuta absoluta a 2016, shekarar da masana'antar tumatir ta Ɗangote ta fara aiki a Kadawa, manomi ya san amfanin ɗaukar hoton ganye ya tura wa wanda ya sani.

Asusun WhatsApp lambar layi yake bi, don haka mutum zai ga zaurukansa da zarar ya shiga a sabuwar waya. Tsofaffin saƙonni ne ba su biyo shi. Kamfanin ba ya ajiye saƙon da ya riga ya isa, a cikin wayar yake zama. Kwafin da ake ajiyewa don tsaro kuwa, na Android a rumbun Google yake, na iPhone a iCloud, kuma ɗaya ba ya buɗe na ɗaya. Shekaru da yawa ba wata halattacciyar hanya ta haye wannan kogi. Sai a 2021 aka buɗe hanya daga iPhone zuwa wayoyin Samsung, daga baya ta haɗa da wasu wayoyin Android, a 2022 kuma aka buɗe daga Android zuwa iPhone.

Hanyar tana da sharuɗɗa, kuma a kansu ake tuntuɓe. Mai zuwa iPhone zai yi amfani da manhajar Move to iOS, wadda Apple ta fitar a 2015. Dole iPhone ɗin ta kasance sabuwa fil, ko a goge ta ta koma kamar sabuwa, domin a lokacin shiryawar farko kaɗai ake ba da wannan dama. Dole lambar layi ta zama ɗaya a wayoyin biyu, tsohuwar wayar kuma tana hannu tana aiki, su biyun da isasshen caji har a gama. Mai komawa Android daga iPhone galibi da igiya ake haɗa masa wayoyin biyu, sabuwar ita ma tana matakin shiryawa. To, yadda ake cinikin waya a Kano ya saɓa wa wannan. Mutum kan ba da tsohuwar wayarsa ya yi ciko a ba shi wata. Mai shago zai goge tsohuwar nan take don ya sa a kasuwa, ya kunna sabuwar ya shirya ta don mai saye ya ga tana aiki. Cikin minti goma an karya sharuɗɗa biyu, kuma babu wanda ya yi niyyar cuta.

Manhajojin banki ba su ƙaura, sai a sauko da su sabo a sāke shiga. Bankuna kan ɗaure asusu da waya guda don tsaro, saboda haka za su turo lambar tabbatarwa ta layi, wani lokaci su nemi hoton fuska ko lambar BVN. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, wanda ya faɗo daidai kakar tumatir, ciniki da yawa ya koma ta tura kuɗi, kuma kwana biyu ba tare da manhajar banki ba hasara ce da ake iya ƙirgawa da kwando. Manhajar da aka saya da kuɗi a kantin Google kuwa sai an sāke sayen ta a kantin Apple, ko da yake wannan bai cika damun mutanen nan ba, don kyauta suka fi amfani da ita.

Abin da ake samu da abin da ake bari

Ba a rasa dalilin son iPhone ba. Kyamararta tana da kyau, kamfanin kan daɗe yana sabunta manhajar tsofaffin wayoyinsa, tana riƙe daraja idan an zo sayarwa, ga kuma kwarjini a idon tsara, wanda bai kamata a raina shi ba tun da shi ne ke sa matasa da yawa sayen ta hannu. Amma an gina ta domin rayuwar da ke da wutar lantarki kullum da intanet mai arha, kuma abubuwan da ta rasa su ne waɗanda ƙauye ya dogara da su.

Ba ta da gurbin memori. A Kura da Bunkure, kamar sauran garuruwa, akwai masu sana'ar tura fina-finai da waƙoƙi da wa'azi daga kwamfuta zuwa memori a kan kuɗi kaɗan, kuma ta wannan hanya adabin Hausa na zamani ke yawo fiye da ta kowane kantin littattafai. Mai iPhone ya fita daga wannan kasuwa, ko ya shige ta da wahala. Ba ta da rediyon FM, alhali manomi kan sa waya a aljihu yana jin tashoshin Kano yana ban ruwa ba tare da ya kashe data ba. Wayoyin Transsion sun yi suna da gurbin layi biyu, abin da ke da amfani inda wannan kamfani ke kamawa a gona, wancan a gida. iPhone ta fara ɗaukar layi biyu a 2018, amma a yawancin ƙasashe ɗayan ba kati ba ne, layi ne da ake rubutawa a cikin wayar, wanda ake kira eSIM. Waɗanda aka yi domin kasuwar Amurka tun daga iPhone 14 ta 2022 ba su da gurbin kati ko ɗaya, kuma irinsu na shigowa cikin wayoyin hannu. Wanda ya saya bai duba ba, sai ya nemi kamfanin layinsa ya mayar masa da katinsa eSIM kafin ya yi kira ko ɗaya. Naɗar magana yayin kira, wadda wayoyin Android da yawa ke yi, sai a 2024 Apple ta sa ta, kuma ba a kowace ƙasa ba. Igiyar caji ma ta bambanta har zuwa 2023, sa'ad da iPhone 15 ta koma irin bakin da sababbin wayoyin Android ke amfani da shi. Mai tsohuwar iPhone sai ya riƙa yawo da tasa igiya zuwa rumfar mai caji.

Akwai kuma kulle. Tun 2013 Apple ta sa tsarin da ke ɗaure waya da asusun mai ita, ta yadda ko an goge ta ba za ta buɗu ba sai da kalmar sirrinsa. Google ta sa makamancinsa a Android a 2015. An yi su ne don a kashe kasuwar ɓarayi, kuma sun yi amfani. Amma suna kama mai gaskiya ta fuska biyu: wanda ya sayi ta hannu ba a cire asusun mai ita na farko ba ya sayi madubi, wanda kuma ya goge tasa bai san kalmar sirrinsa ba ya kulle kansa a waje. Wanda zai bar iPhone yana da ƙarin aiki guda, watau ya kashe iMessage kafin ya zare layi, in ba haka ba saƙon tes daga masu iPhone zai riƙa tafiya inda ba zai gan shi ba.

Haruffa da muryoyi

Wannan sashe ya fi kusa da aikin masu nazarin Hausa. Kafin a tsayar da haruffa masu ƙugiya a shekarun 1930, an rubuta ɓ da ɗ da ƙ ta hanyoyi dabam dabam, wani da ɗigo a ƙasa, wani da waƙafi a gefe. Waya ta dawo da wannan ruɗani ta wata ƙofa. Haruffan suna cikin ma'aunin Unicode wanda manyan manhajojin biyu ke bi, saboda haka abin da aka rubuta da ƙugiya a wannan waya zai fito daidai a waccan. Wurin bugawa ne matsala take. Maɓallan Gboard na Google suna da Hausa, kuma wanda ya saba da su a Android yakan ɗauka haka kowace waya take. Maɓallai ba su bin mutum, haka kalmomin da suka koya daga hannunsa cikin shekaru. Apple ta ba da damar sa maɓallan wasu kamfanoni tun 2014, amma sai mutum ya nema ya sa da kansa. Kafin ya yi haka, mai gyaran rubutu na Turanci zai yi ta juya masa kalmomi, shi kuwa ya gaji ya koma rubuta "kasa" inda yake nufin "ƙasa", ya bar mai karatu ya zaɓa tsakanin ƙasar noma da kasa kaya. Malamin da ya ga ɗalibi mai kiyaye ƙa'ida ya watsar da ƙugiya dare ɗaya, ya tambaye shi ko waya ya sauya kafin ya zarge shi da sakaci.

Ajami ya fi shan wuya. A 2020 Unicode ta ƙara wasu haruffan Larabci domin rubuta Hausa da Wolof da wasu harsunan Afirka, amma shigar harafi cikin ma'auni ba ta nufin kowace waya tana da siffarsa. Inda babu, sai akwati ya fito a madadinsa, kuma abin da ya fito a wannan waya yana iya ƙin fitowa a waccan. Masu ajami galibi a takarda suke rubutawa su ɗauki hoto, kuma wannan tsohuwar dabara ta tsallake matsalar gaba ɗaya.

Hotuna da muryoyi su ma suna da nasu harsuna. Tun 2017 iPhone ke ajiye hoto a siffar HEIC, wadda tsofaffin kwamfutoci da tsofaffin wayoyin Android ba su buɗewa, ko da yake akwai wurin da ake umurtar ta ta koma JPEG wadda kowa ke karantawa. Tsofaffin wayoyin Nokia kuwa sun ɗauki murya a siffar AMR, bidiyo a 3GP, kuma ba kowace manhaja ta yau ke kunna su ba. A cikin irin waɗannan fayiloli akwai hirar da ɗalibai suka yi da dattawan da suka ga lokacin da aka auna gonaki, aka baje su, aka sāke raba su domin aikin ruwan Tiga, waɗanda suka san noman lambu da jigo kafin zuwan hanyar ruwa. Waɗanda suka ga wannan da idonsu suna ƙarewa. Ɗalibin da ya tura irin wannan hira ga malaminsa ta WhatsApp kaɗai, sa'an nan ya ba da wayar a yi masa ciko, ya bar kwafi ɗaya tak a duniya, a cikin wayar malamin, wadda ita ma ranar sauyinta na zuwa. Ya kamata sashen da ya tura ɗalibi ya karɓi ainihin fayil ɗin ta igiya ya zuba a kwamfuta, a juya shi zuwa WAV ko MP3, a rubuta sunan gari da ranar ɗauka a jikin sunan fayil, a kuma ajiye kwafi na biyu a wani wuri dabam.

Ga manomi da dillali, tsarin da ya fi tsare hasara gajere ne. A san imel da kalmar sirri tun wayar tana lafiya, a rubuta su a takarda a adana tare da takardun gona, a tabbata lambar da aka haɗa da asusun ita ce ke aljihu. Kada a saki tsohuwar waya sai an ga sunaye da saƙonni da manhajar banki suna aiki a sabuwa, ko da hakan zai sa a biya kuɗin sabuwar duka a sayar da tsohuwar bayan mako guda. Lokacin yin haka kuma ba tsakanin Janairu da Maris ba ne, sa'ad da motoci ke layi a Kwanar Gafan, kuɗi ke shigowa, sha'awar sabuwar waya ke tashi. Ya fi kyau a jira kakar tumatir ta wuce, a karɓi bashin da ke waje, a biya na direbobi, sa'an nan a shiga Kano da wayoyin biyu da cikakken caji.